Daga Müller Zuwa Maƙeri: Sunayen Sana'a a Jamus da Ƙasar Zazzau

 



Gabatarwa

Da wuya a sami mutum a zauren nan da bai taɓa cike takardar hukuma ba, ko ta makaranta, ko ta banki, ko ta katin ɗan ƙasa. A kowacce akwai gurbin da ake cewa a rubuta sunan iyali. Nan ne Bahaushe yake ɗan dakatawa, domin al'adarsa ba ta tanadar masa suna guda da zuri'a take gada kaka da kakanni ba. Wani ya sa sunan uba, wani na kaka, wani na gari, kuma sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya su ƙare da sunaye mabambanta.

Jamusawa sun taɓa tsayawa a daidai wannan mararraba shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma da yawansu sunan sana'a ne ya liƙe musu. Zan bi asalin waɗannan sunaye da ma'anarsu, sannan in dawo gida in yi tambayar da ta kawo ni: mu da muke da maƙera da marina da wanzamai na gado, me ya sa ba a ganin sunayensu a takardunmu? Amsata ita ce mun tace, mun ɗauki sunayen sarauta da malanta, mun bar na sana'ar hannu saboda kunya. Wannan kunyar ba ta da tushe a addini, kuma tana gab da shafe wani babban ɓangare na tarihinmu.

Sunaye goma na Jamus

Masu kallon ƙwallo a cikinku sun san Thomas Müller, tsohon ɗan wasan Bayern Munich, wanda yake cikin 'yan wasan da suka ci wa Jamus kofin duniya a 2014. Dattawa kuma sun san Gerd Müller, wanda ya jefa ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na 1974. Müller shi ne sunan iyali mafi yawa a Jamus, kuma ma'anarsa mai niƙa, wato mai gidan niƙan hatsi da ruwa ko iska ke juyawa.

Bayansa sai Schmidt, maƙeri. Sai Schneider, tela, Fischer, masunci, Weber, masaƙi, Meyer, mai kula da gandun ubangida, kamar a ce sarkin gandu, Wagner, mai ƙera keken doki, Becker, mai gasa burodi, Schulz, mai karɓar haraji da yin hukunci a ƙauye, kusan dagaci ke nan, da Hoffmann, mutumin gandun ubangida. Goma na farko duka daga sana'a ko muƙami suka fito. Shi ma Michael Schumacher, da ya lashe gasar tseren motoci ta duniya sau 7, sunansa na nufin mai ɗinka takalmi. A wajenmu Baduku za a ce masa.

Yaya aka yi hakan ta faru? Kafin ƙarni na 12, suna ɗaya ya ishi mutum. Da birane irin su Cologne da Augsburg suka cika, kuma iyaye suka raja'a a kan sunaye kaɗan, irin su Johannes da Heinrich da Konrad, sai rarrabewa ta gagara. Magatakardan birni mai rubuta haraji da bashi da gado dole ya san wane Hans, wato Johannes, ake nufi, sai ya rubuta Hans maƙeri ko Hans tela. Tunda ɗa yakan gaji ubansa a sana'a da gida, laƙabin ya bi zuri'a. Zuwa ƙarni na 15 da na 16 abin ya game yawancin ƙasar, har ana samun tela mai suna Schmidt, domin sunan ya riga ya rabu da aikin.

Hukuma ce ta ƙarasa ɗaure shi. Mutanen gaɓar tekun arewa, a yankin Frisiya, sun daɗe suna kiran ɗa da sunan ubansa kamar yadda muke yi, har dokar Napoleon ta 1811 ta tilasta musu tsayar da suna guda. Daga 1876 kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun gwamnati a duk daular Jamus, sai rubutun kowane suna ya daskare yadda aka same shi. Shi ya sa maƙeri ɗaya ya zama Schmidt a nan, Schmitt a can, Schmid a kudu, Schmitz a yankin kogin Rhine.

Akwai wani abu da ya kamata ku riƙe, domin zan dawo kansa. Mai niƙa ba mutum ne mai daraja ba a wancan zamani. A wurare da dama ana tilasta wa manoma kai hatsinsu gidan niƙan ubangijin ƙasa, shi kuma mai niƙa yana cire rabonsa daga hatsin, don haka kullum ana zarginsa da tauye mudu. An sa shi a jerin masu sana'ar da ake ƙyama, tare da masaƙan lilin da makiyayan tumaki da masu aski, har ƙungiyoyin masu sana'a suna ƙin karɓar 'ya'yansu. Sai da dokokin daular na 1548 da 1577 da 1731 suka yi ta nanata cewa a daina wannan wariya. Yau babu Bajamushen da yake ɓoye sunan Müller.

Yadda Bahaushe yake ƙera sunan sana'a

Harshenmu bai gaza na kowa ba a wannan fage. Muna da aƙalla hanyoyi biyar.

Ta farko, a ɗauki aikin a sa masa "ma" a gaba: ƙira ta ba da maƙeri, rini marini, jima majemi, saƙa masaƙi, gini magini, sassaƙa masassaƙi, su masunci. Da wannan hanyar kuma ake samun sunan wurin aikin: maƙera, marina, majema, mahauta. Ta biyu, "mai" da abin da ake sayarwa: Maigoro, Maishanu, Maiturare, Maishadda. Ta uku, "ɗan": ɗan koli, ɗan tireda, ɗan kamasho. Ta huɗu, a kira masu sana'ar kamar wata al'umma: Baduku da Dukawa, Barunje da Rundawa. Ta biyar, sarauta: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aski, Sarkin Dillalai, Sarkin Noma.

Buƙatar da ta haifi sunayen Jamus ita ce tamu. Ku ƙirga Muhammadu da Abubakar da Ibrahim nawa ne a layi ɗaya a Paki ko Gimi ko Likoro. Ƙari a kan haka muna da alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, wanda aka sa wa sunan kaka ana sakaya shi. Dole laƙabi ya yawaita, na rana kamar Ɗanladi da Talatu, na haihuwa kamar Tanko da Gambo da Auta, da na sana'a. A kasuwar Maƙarfi idan ka ce kana neman Audu, sai a tambaye ka wane Audu. Ka ce mai rake, ko mai mazarƙwaila, ko wanzami, nan take yaro ya kai ka.

Jerin sunayen al'umma yana nuna abin da take ci da abin da take sayarwa. Jamus ba ta da Maigoro. Mu kuma ba mu da gidan masu niƙa na gado, domin niƙa da daka aikin cikin gida ne, mata ne suka riƙe shi da dutsen niƙa da turmi, har injin niƙa ya zo aka sami Mai Inji. A nan zan gaishe da iyayenmu mata. Makitsiya da ungozoma da mai koda da mai fura da mai ƙosai da masu kaɗin da suka ciyar da masaƙa da zare, kowace unguwa ta san su da sunan aikinsu. Kuɗinsu ya yi kayan ɗakin 'ya'ya, ya biya kuɗin makaranta, amma da zarar sun rasu sunan ya bi su, domin nasaba ta wajen uba take.

Sana'a ta gado a ƙasar Zazzau

Kakanninmu sun bambanta na gado da na haye. Maƙerin gado ya buɗe ido ya ga uwar maƙera da masaba da awartaki, ya fara da zuga kafin a bar shi ya daki ƙarfe. Wanzamin gado ya ɗauki zabira ya bi ubansa gidan suna tun yana yaro, ya ga aski da ƙaho da kaciya kafin a damƙa masa aska. Marini ya san yadda ake haɗa shuni da toka a karofi, da ranar da baba ya nuna. Ilimi ne da ba a rubuta ba, a gidan kawai ake samun sa.

Mulki ma ya san da su. A Zazzau ana karɓar kuɗin galma daga manoma, da kuɗin karofi daga marina, da kuɗin shuka a kan amfanin fadama irin su rake da albasa. Sarakunan sana'a ne tsani tsakanin fada da masu aikin hannu: su tara haraji, su raba gardama, su haɗa ma'aikata idan sarki yana da aiki. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da laƙabin aikinsa tarihi ya riƙe shi, Babban Gwani, kuma zuri'arsa ta ci gaba da gini bayansa. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne saƙa da rini da aikin fata da ake fitarwa har ƙetaren Sahara.

Inda mutane ba su riƙe sunan ba, ƙasa ta riƙe. A birnin Kano akwai Dukawa da Lokon Maƙera da Soron Ɗinki. A Kaduna akwai Maƙera. A jihar Neja gari guda ne sunansa Sarkin Pawa, hedikwatar ƙaramar hukumar Munya. A garuruwanmu ma kowa ya san inda ake cewa bakin marina, ko da yanzu karofin ya cike an yi gini a kansa.

Abin da muka ɗauka da abin da muka bari

Da boko ya zo da rajista, aka buƙaci suna na biyu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce gari. Haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Shehu Shagari, kuma a nan gida Ahmed Mohammed Maƙarfi, gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007. Ba na ganin laifin wannan. Sunan Maƙarfi da Ikara da Kudan da Hunƙuyi da Paki ya zaga Nijeriya a bakin 'ya'yansu.

Amma ku duba sunayen aiki da suka shiga takarda. Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce. Abubakar Ladan Zariya, mawaƙi. Adamu Ciroma. Zaynab Alkali. Ga Liman, Wali, Ma'aji, Waziri, Galadima, Makama, Madaki. Waɗannan su ne Schulz da Meyer ɗinmu, kuma sun cika ofisoshi. Na fatauci ma sun sami shiga, Maigoro da Maishanu da Maishadda. To ina Maƙeri? Ina Majemi, ina Marini, ina Mahauci? Mutanen suna nan, gidajensu suna nan, jikokinsu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, amma da ƙyar ka ga sunan a jikin ƙofar ofis.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta yadda mutanen lokacin suke jera sana'o'i hawa-hawa: masu sarauta a sama, malamai da attajirai suna biye, mahauta da makaɗa da maroƙa a can ƙasa. Mu ma ba sai an karanta mana ba. Mun san gidajen da ake zuwa neman aure, a yi bincike, a sami yaro da addini da hali da abin yi, amma a ce a'a, jikan wanzamai ne. Mun san ɗalibin da aka tambayi aikin ubansa ya ce ɗan kasuwa ne, alhali mahauci ne, kuma da kuɗin fawa aka kai shi makarantar.

Wanda ya yi mana kaciya, ya yi wa jaririnmu askin suna, muna ƙyamar haɗa jini da shi. Wanda ya ƙera garmar da ta ciyar da gari, muna jin nauyin amsa sunansa. Wannan butulci ne, kuma ya dace mu kira shi da sunansa.

Me addini ya ce?

Malamai, Allah ya gafarta muku, kun fi ni sanin wannan babi, tunatarwa kawai zan yi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda da aka tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidan wani maƙeri mai suna Abu Saif aka shayar da shi a Madina, kuma Manzo yana zuwa gidan da kansa. Khabbab ɗan Aratti, ɗaya daga cikin na farkon shiga Musulunci, maƙeri ne. Manzon Allah ya yi ƙaho ya biya mai ƙahon ladansa, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya umarci Banu Bayada su ƙulla auratayya da Abu Hindin, wanda sana'arsa ƙaho ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka gina dacewar ma'aurata a kansa shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure, ba sana'ar kaka ba.

Malaman da muke karanta littattafansu ma ba su ɓoye sana'ar gidajensu ba. Hariri, mai Maƙama da ake karantawa a zaurukan Zariya, wanda ya rasu a 1122, sunansa daga alharini ya fito. Zajjaju, masanin nahawu, mai aikin gilashi ne. Jassasu daga aikin farar ƙasa, Ƙaffalu daga ƙera kwaɗo. Har gobe Larabawa suna amsa Haddad da Najjar da Khayyat, wato maƙeri da kafinta da tela. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kansa da laƙabin aikin mahaifinsa aka san shi, domin Fodiyo a Fulatanci malami ne, kuma labari ya shahara cewa yana tufkar igiya don ya ci daga guminsa.

Kada a fahimce ni a karkace. Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, kuma ba na kiran kowa ya sauke sunan mahaifinsa. Laƙabin sana'a ƙari ne a kan nasaba, kamar yadda malaman nan suka haɗa duka biyun.

Lokacin da muke ciki

Abin da ya faru da Jamus a 1876 shi ne yake faruwa da mu yanzu. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007. Lambar banki ta BVN ta zo a 2014. A ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta sa ta sharaɗin rajista. Duk wanda sunansa ya saɓa tsakanin takarda da takarda ya san wahalar: rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, kai da kawo. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta san Audu shi ne Abdullahi ba. Abin da muka ba ta shi za ta riƙe, shi kuma jikoki za su tarar.

A daidai wannan lokaci sana'o'in da kansu suna sauya kama. Yadin kanti ya rufe masaƙa da karofi da yawa. Kaciya tana komawa asibiti. Ɗan maƙeri ya zama mai walda, yana ƙera ƙofa da injin casa da amalanke. Sababbin laƙabai sun fito: Mai Taki, Mai Tumatir, Mai Caji, Mai POS, ga masu inabi na Kudan da suka shigo da noman da kakanninmu ba su sani ba. Harshen yana nan yana aikinsa. Abin tsoro shi ne tsofaffin su ɓace a aikace, su kuma ɓace a takarda, a wayi gari yaro a Ikara bai san gidansu ne ya riƙe ƙira shekara da shekaru ba.

Shawarwari

Na farko, ga iyaye. Kowane gida ya zauna ya tsayar da suna guda da tsarin rubutu guda kafin a kai yara rajista. Gidan da yake da laƙabin sana'a ya sa shi cikin abin da za a zaɓa, kada a fitar da shi tun kafin a fara shawara. Wanda ya zaɓi gari ko kaka bai yi laifi ba, muddin ba gudun asali ne ya sa shi ba.

Na biyu, ga iyayen ƙasa, ranku ya daɗe. Kowane hakimi yana iya sa a rubuta sarakunan sana'a na gundumarsa, na yanzu da waɗanda suka gabata, gwargwadon abin da dattawa suka riƙe. A kira su a taro da sarautarsu, a ba su wurin zama na mutunci. Talaka yana kallon wanda fada ta girmama.

Na uku, ga malaman makaranta da ɗalibai. Kowane ɗalibi ya je wurin kakansa ko kakarsa ya tambayi sana'ar gidansu, da sunayen kayan aikin, da kirarin da ake yi musu, da wanda ya koya wa wa. A haɗa da sana'o'in mata. Wayar da ke aljihunku ta isa ɗaukar murya. Masu karatun digiri daga yankin nan a Jami'ar Ahmadu Bello suna da abin bincike a ƙofar gidansu.

Na huɗu, ga limamai da masu wa'azi. Maganar hana aure saboda sana'ar kaka tana buƙatar huɗuba, ba sau ɗaya ba. Jamusawa sai da suka yi kusan shekara 200 suna maimaita doka kafin ƙyamar ta mutu. Mu muna da abin da ya fi doka shiga zuciya.

Kammalawa

Hausawa suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba na cewa kowane ɗan maƙeri ya koma zuga, domin zamani riga ne. Ya yi karatu, ya zama injiniya, ya ƙera abin da kakansa bai yi mafarkinsa ba. Abin da nake roƙo shi ne idan an tambaye shi ɗan wane gida ne, ya faɗa da bakinsa, kansa a ɗage, mu kuma da muka ji mu ba shi 'ya idan ya cancanta.

Sarakunan sana'a da kuke zaune a nan, wannan ƙasa ta ci ta sha daga hannunku, kuma ba a gode muku yadda ya kamata ba. Mun gode. Allah ya jiƙan magabatanku, ya sa albarka a sana'arku da zuri'arku, ya zaunar da Ikara da Maƙarfi da Kudan da ƙasar Zazzau baki ɗaya lafiya.